Dunduniyar Mai Gona

Kakata Kande ba ta iya shiru ba, ko a gaban Allah. Ita ce mahaifiyar babana, gajeruwar tsohuwa mai wushirya, kuma tun da na yi wayo na same ta tana hira da Ubangiji kamar yadda mata ke hira ta saman danga. Tana shara tana ba shi labarin akuyarta da ta ƙi ɗaukar ciki. Tana tankaɗe tana kai masa ƙarar gwiwarta. In abu ya yi mata daɗi, ko ɓarin goro ne wani ya miƙo mata, sai ka ji ta ce, "Kai dai ka iya kyauta," ka waiga ka ga babu kowa a tsakar gidan. Mu yara dariya muke yi. Maƙwabta kuwa sun daɗe da yanke cewa tsohuwar tana da ɗan motsi a ka, amma irin wanda ba ya cutar da kowa.

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Cadakori. Gidajen Kirista a garin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, majami'armu kuma ɗaki ne na laka da rufin kwano, wanda in ana ruwa sai mai wa'azi ya haƙura ya zauna har a ɗauke. Sauran gari Musulmi ne. Rijiyarmu ɗaya da su, mu je sunansu su zo namu, da Sallah a aiko mana nama, da Kirsimeti mu aika musu shinkafa. Ban taso da sanin cewa akwai wani abin mamaki a cikin wannan ba.

Lokacin sanyi, bayan an kai dammunan gero rumbu, Kaka takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta da an gama cin tuwo. Kafin hayaƙi ya miƙe yaran unguwa sun cika wurin, namu da na maƙwabta, kowa ya cusa hannu a hammata. Ba ta fara tatsuniya sai ta taɓa ni tukuna. Takan leƙa cikin yaran kamar mai neman ɓataccen ɗan akuya, ta ce ina maigidanta, mijin da bai taɓa ɗinka mata ko ɗankwali ba. Yara su bushe da dariya, ni in cika in batse, in ce na sake ta. Ta ce ba ta karɓi sakin ba, ai ba ta ga shaidu ba. Ƙanwata Ladi, wadda Kaka ke kira ƙawarta, ita ce mai kujerar dindindin a cinyarta, babu mai ja da ita a kan wannan. Sai an yi duk wannan sannan Kaka ta gyara murya ta ce, "Ga ta nan tahe, tana ɗingishi." Mu amsa da ƙarfi mu ce ta ƙaraso mu ba ta tabarma.

Na ji tatsuniyoyi da yawa a bakin wutar nan, yawancinsu sun bi hayaƙi. Wadda ta zauna mini ba a lokacin sanyi aka yi ta ba, kuma ba a cikin taron yara ba.

Ina ajin farko-farko na lakol, wato makarantar boko, aka yi shekarar da damina ta yanke da wuri, fara ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Rumbunmu bai kai ko tsakiyar rani ba. Baba ya tafi cirani Najeriya, ya dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Muka koma cin ganye da dusa, daga baya muka koma anza, ’ya’yan wani icen daji masu ɗacin tsiya, waɗanda sai an jiƙa an zubar da ruwa, an dafa an sake zubarwa, sannan su yarda su bi maƙogwaro. Mu manya-manyan yara muna runtse ido mu haɗiye. Ladi cikinta ya ƙi. Duk abin da ta ci sai ya dawo ko ya wuce, har gashinta ya yi ja, ya yi laushi, ƙafafunta suka fara kumburi. Yarinyar da ba a iya kama ta a tsakar gida ta koma sai inda aka ajiye ta.

A cikin gidan kuma akwai gero, kowa ya sani. Yana cikin wani tulu a ƙarƙashin gadon Kaka, an gauraya shi da toka saboda ƙwari, an liƙe bakin da laka. Iri ne. Tun lokacin girbi Kaka da kanta ta bi gona ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ta sussuke, ta adana, kamar yadda take yi kowace shekara tun kafin a haifi Baba. Bai fi ’yan tiyoyi ba, wato kwanon awo kaɗan, amma shi ne gonarmu ta baɗi gaba ɗaya. A shekarar nan ko kana da abin saye ba lalle ka samu iri a kasuwa ba, don mutane da yawa sun riga sun cinye nasu.

Wata safiya na ga Mama ta durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka, abin da ba ta yi sai da babban dalili. Ta ce, "Inna, ki dubi Allah ki dubi yarinyar ga. Ko ƙoƙo guda ne, in dama mata kunu." Kaka ta sunkuya ƙarƙashin gadonta. Daga nan ta jawo tulun, ta fasa lakar da bakin wuƙa, ta ɗebo ƙoƙo guda, ta kwaɓa wata lakar ta mayar ta liƙe. Ladi ta sha kunun nan, ya zauna. Da yamma har ta tashi zaune ta nemi a ba ta ’yar tsanarta ta kara. Mama ta yi ta murna tana kuka. Ni ma na yi murna, don ban san cewa wannan tashi zaunen ne zai hana gidanmu zaman lafiya ba. Da kunun bai yi amfani ba, da babu wanda zai sake kallon tulun.

Kunun ya ƙare, Ladi ta koma kwance, Mama ta koma ƙofar ɗakin. Wannan karon Kaka ta ce a'a. Ta ce in aka ci iri yau, baɗi ba Ladi kaɗai za a rasa ba, gidan ne duka. Mama ta ce ita ba ta san baɗi ba, ’yarta ta sani. Baba yana zaune a kan turmi, kansa a ƙasa, ga uwarsa ga matarsa, kuma kowace tana da gaskiya. A ’yan kwanakin nan shamuwa ta riga ta iso ta sauka a kan tsamiyar bakin rijiya, alamar damina ta kusa, amma sama fes take, ko ɗigon hadari babu.

Kaka ce ta yanke maganar. Ta ce wa Baba, "Gobe da sahe ku kai shi gona ku yi bizne. In yak ƙara kwana ɗakin ga, ni da hannuna zan buɗe shi."

Wanda bai yi noma a ƙasarmu ba zai ɗauka bizne hauka ne. Shuka ce a busasshiyar ƙasa, kafin ruwa ya sauka. Mutum ya sari rami da sungumi, na bayansa ya jefa ƙwayoyi, ya tura ƙasa da ƙafa, ya danne da dunduniya, su wuce. Sai a koma gida a jira. In ruwa mai ƙarfi ya zo, ka riga kowa, geronka ya tashi da ruwan fari. In yayyafi ne kawai ya zo ya jiƙa sama-sama, irin ya tsira ya ƙone, ka tashi a tutar babu. Mutane suna cewa don su riga damina suke yi, kuma haka ne. Amma a shekarar yunwa akwai dalili na biyu da ba a cika faɗa ba: abin da ke cikin ƙasa, hannu ba ya kai masa.

Da yammar ranar nan, bayan faɗuwar rana kaɗan, Kaka tana zaune a bakin murhu tana dafa anza. Zafi ake yi na bazara, babu mai neman wuta, amma ita ce kaɗai hasken da ke gidan. Yaran unguwa sun daɗe da daina zuwa, yunwa ba ta barin wasa. Mama tana ɗaki ta ƙi fitowa. Ladi tana cinyar Kaka, ni ina gefe ina korar sauro. Can sai Ladi ta ce, da ’yar muryarta da sai ka kasa kunne, tana son tatsuniya. Kaka ba ta tsokane ni ba ranar, ba ta nemi maigidanta ba. Ta ce kawai ga ta nan tafe tana ɗingishi, ni kaɗai na amsa.

Ta ce an yi wata ’yar ƙwayar gero da ke zaune cikin tulu tare da ’yan’uwanta. Wurin da sanyi, da duhu mai daɗi, kuma kullum tana jin muryar mai gona yana kai da kawo a tsakar gida. ’Yar ƙwayar nan akwai ta da fankama. Tana cewa su ne ’yan lelen gidan, don duk sauran gero an kai turmi an daka, su kuwa ko taɓa su ba a yi. Ana nan, wata safiya aka fasa bakin tulu, aka juye su a ƙwarya, aka nufi daji da su. Tana cikin murna za ta ga gari, sai ta ji an jefa ta a rami, ƙasa mai zafi kamar tokar murhu. Kafin ta buɗe baki an turo mata ƙasa a ka. Sannan ta ji nauyi ya sauko, mai gona ya sa dunduniyarsa ya danne ta, ya yi gaba abinsa bai ko waiga ba.

Ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta ce ashe duk ajiyar nan ta ƙiyayya ce, ashe mutumin nan jira yake ya samu inda zai taka ta. Tururuwa ta ji kukan ta biyo ta ƙarƙashin ƙasa, ta ce mata, ai ya yar da ke, taho in kai ki gidana, akwai sanyi, akwai ’yan’uwanki da yawa a can. Kaka ta ce wasu ƙwayoyin sun bi ta, kuma kowa ya san abin da tururuwa ke tara gero dominsa. ’Yar ƙwayar dai tsoro ya hana ta motsi. Da rana kuma ta ji zabuwa a samanta tana tono, tana tono, har farcenta ya kusa kai mata, amma ƙasar wurin ta danne da ƙarfi, zabuwa ta gaji ta wuce.

Kusa da ita akwai wani tsohon ƙwallon aduwa da ya shekara da shekaru a cikin ƙasa yana jiran lokacinsa. Kukan ya ishe shi. Nan Kaka ta sauya murya, ta yi irin ta tsofaffin maza masu taba a baki, ta ce, "Ke, ruhe muna baki. Da kina cikin tulu, ba ki jin kukan ɗiyan mai gona da dare? Yunwa suka kwana da ita, ke kina nan, bai ci ki ba."

Da ta kawo nan sai ta tsaya. Na ɗaga kai na ga tana kallon Ladi. Ta jawo wani kara ta tura a wuta, ko da yake wutar ba ta bukata, sannan ta ci gaba da muryarta ta kullum. Ta ce ƙwallon aduwa ya ce wa ’yar ƙwaya, wanda ya hana ’ya’yansa ke, ba zai ɗauko ki ya kawo nan don ya zubar ba. Takawar da ya yi miki ita ta hana zabuwa cin ki ɗazu. Kuma sawun dunduniyarsa yana nan a saman kanki, in ya fito zagayen gona shi yake bi da ido, rami bayan rami, babu wanda ya ɓace masa. ’Yar ƙwaya ta daina kuka. Washegari da sassafe ta ji takun ƙafa a saman ƙasa, ta gane takun, shi ne wanda ta saba ji tun tana tulu. Ƙasar ba ta rage zafi ba, ruwa bai zo ba, amma sai ta ji wani abu ya cika mata ciki, ta kama waƙa:

Mai gona, ina nan, ina nan,
Inda ka taka ni, ina nan.

Kaka ta rera ta ta sake rerawa, tana jijjiga Ladi a hankali. Na ga bakin Ladi yana motsi yana bin ta. Ni kuwa tun ina yaro ba na son labarin da bai kai ƙarshe ba. Na ce to, ruwan ya zo? Kaka ta ce ba ta kai nan ba tukuna. Na ce in bai zo ba fa? Ta buɗe tukunyar anza, ta duba, ta rufe. Ta ce, "Nan tat tsaya yau, maigida. Ƙahwarta ta gaji."

Da gari ya waye muka tafi gona, Baba a gaba da sungumi, ni a baya da ƙwarya. Ina jefa ƙwayoyin ina jin kamar kunun Ladi nake zubarwa a ƙasa, kuma shi ɗin ne. Wani wuri na ɗan ɗebi kaɗan na jefa a baki, Baba ya gani ya kau da kai. Kafin rana ta take mun gama, muka dawo da ƙwarya wayam. Mama ta kalli ƙwaryar ta shige ɗaki.

Sai jira. Kowace yamma duk gari ido yana gabas. Musulmi suka fita roƙon ruwa a bayan gari, mu ma muka taru a majami'a muka yi azumi, wanda ba shi da wuya tunda dama babu abin ci. Jikin Ladi ya ƙara tsanani, wani maƙwabcinmu ya ba da amalankensa aka kai ta gidan likita a Gidan Rumji. Mama ta ce sun tarar da wurin cike da yara irinta, uwaye a zube har ƙarƙashin itatuwa. An yi mata abin da za a iya, an ba ta madara da magani, amma an ce an makara. A hanyar dawowa ta cika, a hannun Mama, shanu suna tafiya a hankali kamar yadda suka saba.

Maƙabartarmu ’yar ƙarama ce, a gefen gonarmu take. Maƙwabta Musulmi ne suka taya Baba haƙa, don mazan majami'armu ba su da yawa kuma duk yunwa ta cinye ƙarfinsu. Da aka gama addu'a aka rufe, mutane suka fara watsewa, sai na ga Kaka ta matsa kusa. Ta tuɓe takalminta na roba, ta sa dunduniya a gefen tudun ƙasar, ta danna, kamar yadda na yini ina yi a gona. Ta mayar da takalminta ta bi mutane. Ina jin ni kaɗai na gani, kuma abin ya ba ni haushin da ban san inda zan kai shi ba.

Ba a yi mako ba aka yi ruwa, irin mai cika kwari, wanda babu manomin da zai ce bai ishe shi ba. Geronmu ya fito layi-layi, ya riga na kowa. Da kaka ta yi muka cika rumbu, har Baba ya ba waɗanda suka cinye irinsu abin shukar baɗi. Kowa a gari yana cewa tsohuwa ta yi dabara, ta ceci gidanta. Ni ranar da aka fara dama furar sabon gero na kasa haɗiya. Mama ta fi shekara ba ta haɗa ido da Kaka ba, gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kaka ba ta daina ba. Kwanaki kaɗan bayan rasuwar na ji ta da asuba tana shara tana rera waƙar ’yar ƙwaya. Ta koma hirarta da Ubangiji, ta koma cewa ya iya kyauta. Nakan kwanta ina jin ta, ina cewa a raina wace kyauta. Da sanyi ya zagayo ta sake hura wutar kara, yara suka sake taruwa, ni na daina zama. In ta nemi maigidanta sai a ce mata ya fita.

Haka na girma. Ban bar majami'a ba, ban kuma yi wata fitina ba. An yi mini baftisma, na iya amsa duk tambayar da aka yi mini a kan zunubi da alheri da tashin matattu, har an taɓa sa ni koyar da yara ranar Lahadi. Amma tsakanina da Allah sai gaisuwa, kamar Mama da Kaka a shekarar nan. Na yarda yana nan, na yarda shi ne mai iko, kuma wannan ikon ne ya sa ba na son zama kusa da shi. Wanda ya iya aiko da ruwa ranar da ya ga dama, ya iya aiko da shi kafin amalanke ya tashi. In ana waƙoƙin murna a majami'a ina tafa hannu tare da kowa, amma abin bai taɓa wuce tafin hannuna ba.

Na koyi ɗinki, na buɗe ’yar rumfa a Gidan Rumji, na yi aure. Kaka ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi, sai baki da ya rage, shi kam ko gezau. Da aka aiko mini cewa jikinta ya yi nauyi, na ɗinka mata zane da ɗankwali na hau babur na tafi. Ta shafa ɗankwalin da hannu ta yi dariya har da tari, ta ce sai da ta makance mijin banza ya tuna da haƙƙinta, don ya san ba za ta ga ko ɗinkin ya karkace ba. Ta sa aka ɗaura mata shi nan take.

Da ɗakin ya rage daga ni sai ita, na yi mata tambayar da na daɗe ina ɗauke da ita. Na ce, "Kaka, da kin buɗe tulun nan, da Ladi ta rayu?"

Na ɗauka za ta kawo mini maganar baɗi da rumbun da ya cika. Sai ta ce, "Ban sani ba, maigida. Babu ranar da ban tambayi Ubangiji ba. Har yau bai hwaɗa mani ba."

Na ce to waƙar mece ce take yi duk shekarun nan. Ta juyo da fuskarta inda muryata take, ta ce ashe ni tsammani nake don ta ƙoshi take waƙa. Ta ce lokacin da nake jin ta da asuba tana shara, daga bayan rumbu take fitowa, inda ta gama kukanta don kada Mama ta ji ta ce kukan munafunci ne. Ta ce ta yi wa Ubangiji faɗa, ta yi masa gori, ta ce masa abubuwan da ba za ta maimaita a gabana ba, kuma bai tashi ya bar ta ba. Sannan ta ce, "Mai gonar ga ba daga bisa kaɗai yake taka mutane ba. Shi ma an sa shi ƙasa an ruhe, uwatai na tsaye tana kallo. Ya san zahin ramin. In ina hira da Yesu, da wanda ya sani nike hira, shi ya sa hirar ke da daɗi."

Na tambaye ta dunduniyar da ta sa a kabarin Ladi, na ce na gani. Ta ce ba don shi ta yi ba, shi ba ya mantuwa da inda ya ajiye abinsa. Don kanta ta yi, don ƙafarta ta gaya wa zuciyarta cewa shuka aka yi a wurin nan, ba zubarwa ba. Ta ce wata rana zuciyar ta yarda, wata rana ta ƙi, amma ƙafar dai ta riga ta faɗa.

Ba ta daɗe ba bayan wannan. An kwantar da ita kusa da ƙawarta, da sabon ɗankwalinta.

Ba zan ce na fita ɗakin nan da murna ba, ƙarya ke nan. Amsar da na je nema ban samu ba, kuma na gane ba zan same ta a duniyar nan ba. Abin da ya sauya ɗan kaɗan ne. Wata rana ina kan keken ɗinki, babu kowa a rumfa, na ji na ce wa Allah da ƙarfi, me ya sa ka makara. Na tsorata da kaina, na waiga. Washegari na sake. Na yi watanni ba abin da nake kai masa sai ƙorafi, amma ko faɗa ne, ai sai an zauna kusa ake yin sa. A hankali wasu maganganun suka fara shigowa, ciwon bayana, haƙorin ’yata da ya fito, wani mai kaya da ya ishe ni da zirga-zirga. Rannan matata ta leƙo rumfa ta ce da wa nake magana. Na ji kunya, kuma na ji daɗi, irin daɗin da rabona da shi tun ina zama a bakin wutar kara.

Da ina yaro na ɗauka murnar Kaka ta wanda bai san zafi ba ce, ko ta wanda aka yi wa alkawarin ruwa gobe. Yanzu na ga ’yar ƙwayar nan ba a gaya mata ranar ruwa ba, ba a kuma rage mata zafin ƙasa ba. Takun ƙafa kawai ta gane. Ina ganin abin da Kaka ta mallaka ke nan, kuma ya riƙe ta har ƙarshe, ko da yake bai hana ta kuka a bayan rumbu ba.

Bana ma damina ta yi jinkiri. Shamuwa ta iso tuni, sama ta ƙi haɗa fuska. Gonar gidanmu tana hannuna yanzu, kuma irin da ke tulun matata shi ke nan, babu wani a bayansa. Na yi ta juya abin a raina, daga ƙarshe na ɗauki sungumi na ce wa ’yata Saratu ta ɗauko ƙwarya. Ta san tatsuniyar, na sha ba ta, kuma ta gado ni wajen ƙin labarin da bai ƙare ba. Muna tsakiyar gona, ƙasa tana ƙona mana tafin ƙafa, ta ce, "Baba, wai a ƙarshe ruwan ya zo ma ’yar ƙwayar?" Na ce ban kai nan ba tukuna. Ta ce kullum haka nake cewa. Na ce ni ma haka aka ce mini, ta dai taka da kyau saboda zabi. Ta ci gaba da jefawa tana dannawa, can na ji tana rera waƙar ƙasa-ƙasa, ta ɓata rabin muryar, ban gyara mata ba.

Layinmu na ƙarshe ya ƙare a gefen maƙabarta. Na ce wa Saratu ta yi gaba ina zuwa. Tudun biyu sun kusa bajewa, babba da ƙarami, ciyawar bara ta bushe a kansu. Na tsaya ban san addu'ar da zan yi ba, babu kuma abin da ya rage a hannuna da zan iya yi, ko a kan waɗanda ke kwance nan ko a kan abin da na baro a gona. Na tuɓe takalmina, na sa dunduniya a gefen ƙaramin na danna, na sa a gefen babban na danna. Na ɗaga kai, gabas fes, babu ko ɗigon hadari. Na ce wa Mai Gona muna nan, dukanmu, inda ya taka.